Yadda ake shirya wa gasar gangara da allon sulu, tun daga koyon birki har layin tashi

Allon sulu na gangara ba shi da inji, ba shi da sitiyari, birki ma babu. Katako ne mai tayoyi huɗu, mutum ya tsaya a kai, tudu ya yi sauran aikin. A gasa ana taɓa kilomita 70 zuwa 100 a awa ɗaya, kuma yawanci mutum huɗu ake saki tare, wani lokacin ratar da ke tsakaninsu ba ta kai kamu guda ba. A 2017, a wata gangara da ke Les Éboulements a lardin Kebek na Kanada, Peter Connolly ɗan Birtaniya ya kai kilomita 146.73 a awa, Emily Pross 'yar Amurka kuma ta kai 135.

Irin waɗannan alƙaluma ne ke jawo sabon shiga. Amma ranar da ka isa wurin masu wasan, babu wanda zai tambaye ka gudun nawa ka taɓa yi. Abin da suke so su sani shi ne ko kana iya tsayawa inda ka ga dama, a lokacin da ka ga dama, ba tare da ka kwashe na kusa da kai ba. Suna da hujja. Gasar Signal Hill ta Kalifoniya, wadda aka fara a 1975, ba ta wuce 1978 ba saboda munanan raunukan da aka ji a shekarar, har da na 'yan kallo. Duk mai shirya gasa ya san haɗari ɗaya ya isa ya sa hukuma ta hana su hanya. Don haka shirinka ya bi wannan tsari: kariya, sai birki, sai mutane, gudu ya zo daga baya.

Da farko, kayan kariya

Ka sayi hular kwano kafin ka sayi allo. A lokacin koyo, wadda ta rufe ƙoƙon kai da ƙeya ta wadatar, amma a gasa sai wadda ta rufe fuska da haɓa, mai gilashi a gaba. Leƙa cikinta ka nemi tambarin gwajin inganci, irin su EN 1078 na Turai, ko CPSC ko ASTM F1952 na Amurka. Sa ta, ɗaure igiyar, girgiza kai. In tana yawo, ba taka ba ce. Kuma hular da ta sha bugu mai ƙarfi sau ɗaya ta gama aiki ko da bayanta na ƙyalli, domin soson da ke ciki ya riga ya murƙushe.

Sai safar hannu ta fata, mai faifan roba mai tauri manne a tafi. Da wannan faifan ake dafa kwalta ana cikin gudu. Sai abin kare gwiwa mai murfin roba, da na gwiwar hannu, da na gadon baya. Manyan gasanni suna wajabta rigar fata mai rufe jiki daga wuya zuwa idon sawu, ko dai ɗinki ɗaya ko biyu da zif ya haɗe su. Ta 'yan tseren babur da aka yi amfani da ita tana yi, sai dai ka gwada duƙawa a cikinta kafin ka biya, don wasu suna shaƙe wuya in an sunkuya. Takalmi kuma mai shimfiɗaɗɗen ƙasa. Da yawa suna manna masa ƙarin roba a tafi, saboda birkin ƙafa yana cinye takalmi cikin 'yan kwanaki.

Allon kansa

Katakon gangara dole ya zama mai tauri. In ka tsaya a tsakiyarsa ka ji yana lanƙwasa, na yawo ne, ba na tudu ba. Samansa a lulluɓe da takarda mai kaushi sosai don takalmi ya kama.

Abin da ya fi katakon muhimmanci shi ne ƙarafan nan biyu da ke riƙe da tayoyi, waɗanda ake kira tirak. Kowanne yana da kusurwar da ke ƙayyade yadda yake juyawa. Na gaba ana barin sa wajen digiri 45 zuwa 50 don ya riƙa juyawa, na baya kuma ana rage shi sosai don kada ya yi ta karkata da kansa. A cikin kowane tirak akwai bushin na roba, kuma taurinsa ya kamata ya dace da nauyin jikinka. Kuskuren da sababbi ke yi shi ne ɗaure noti tamau don allo ya daina rawa. Hakan matse bushin kawai yake yi ya hana allo shan kwana. Sauya bushin da mai tauri ya fi. Bayan ka haɗa, tsaya a kan allon ka danna gefe ɗaya da duk nauyinka, ka duba ko taya na taɓa katako. In tana taɓawa, gyara kafin ka hau, don ranar da ta taɓa ana cikin gudu allon tsayawa zai yi cak, kai kuma ka wuce.

Tayoyin tsere suna kai milimita 70 zuwa 80, masu faɗi da kaifin baki, suna kama kwalta ƙam. Kada ka fara da su. Na koyo su ne masu zagayayyen baki, waɗanda ke sakin ƙasa cikin sauƙi.

Birki, inda yawancin watanninka za su tafi

Nemi 'yar gangara mai sauƙi wadda mota ba ta bi, mai shimfiɗaɗɗen fili a ƙarshenta. Doka ta farko ita ce kada ka yi gudun da ya fi wanda za ka iya tsayar da shi.

Fara da birkin ƙafa. Juya ƙafar gaba ta kalli hanya, ka ɗora mata dukkan nauyinka, ka lanƙwasa gwiwa, sannan ka sauke ƙafar baya ƙasa a hankali, tafin ya shafi kwalta. Shafa ake yi, ba takawa ba. Wanda ya taka da ƙarfi, ƙasa za ta fizge ƙafar baya ta kayar da shi. Ƙara dannawa kaɗan-kaɗan har ka tsaya. Ja layi da alli, ka riƙa tsayawa daidai kansa, kana ƙara nisan wurin tashi sannu a hankali.

Birkin iska ba shi da wuya: ka miƙe tsaye ka buɗe hannuwa, iska ta daki ƙirji. Ba ya tsayar da mutum, rage gudu kawai yake yi, kuma alama ce ga na bayanka cewa za ka sassauta.

Babban birki shi ne zamiya, wato ka juya allon ya gitta hanya, tayoyin su daina mirginawa su koma gogar kwalta. Wadda ake fara koya ita ce mai ɗauke da sunan Cliff Coleman, tsohon gwani ɗan Kalifoniya. A ce ƙafar hagu ce gabanka. Ka tsuguna sosai, nauyinka a ƙafar gaba, gwiwar baya ta kwanto ciki wajen allon. Ka ɗan karkata dama don ka samu fili, sannan ka sha kwana hagu, ka dafa faifan hannun hagu a ƙasa kusa da tayar gaba, yatsu a ɗage. Hannun dama ya wulwulo ta gaban ƙirjinka, kafaɗu su juya, allon zai bi su. In abin ya yi, za ka ji ƙugin tayoyin ya koma wani sauti mai laushi, in ka waiwaya ka ga siraran layuka a kan kwalta inda robar ta goge.

Kurakurai biyu ne ke hana mutane samun ta. Na farko zuba nauyi a kan hannu, sai allon ya suɓuce ya tafi ya bar ka zaune. Hannu madogara ce kawai, nauyi yana kan allo. Na biyu kallon ƙasa. Ido ya tsaya a inda kake son zuwa. Akwai kuma abin lura game da tayoyin: in allon ya gitta hanya sosai ya daɗe a haka, tayar ba ta juyawa, gefe ɗaya ya goge ya baje. Daga nan duk hawan da ka yi sai ka ji kamar kana tsaye a kan injin niƙa. Ka riƙa barin allon a ɗan karkace don tayoyin su ci gaba da juyawa, kana kuma sauya musu wuri lokaci-lokaci.

Wannan zamiyar ta gefen dunduniya ce. Idan ta zauna, koma ta gefen yatsu, domin hanya tana da kwanar hagu da ta dama. Ka'idar ɗaya ce: hannun da ke cikin kwana shi ke sauka ƙasa. Yawancin mutane gefe ɗaya ya fi musu daɗi sai su yi watsi da ɗayan, kuma a ganina wannan ne babban abin da ke kayar da sababbi a gasarsu ta farko.

Ka riƙe wannan lissafi a ka: in gudu ya ninka biyu, ƙarfin da za ka kashe kafin ka tsaya ya ninka huɗu. A kilomita 80 a awa, kana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Zamiyar da ta tsayar da kai a 30 ba hujja ba ce cewa za ta tsayar da kai a 60.

Duƙo, rawar allo da shan kwana

A gudu mai yawa iska ce babbar abokiyar gaba, shi ya sa ake duƙawa. Ƙafar gaba tana kusan kallon hanya, ta baya a kan yatsu, gwiwar baya ta lafe a bayan ƙwaurin gaba, ƙirji ya kwanta a cinya, hannuwa a goye a baya, kai a ɗage. Cinya za ta yi zafi. Yi ta gwadawa a ɗaki kana duba agogo har ka iya riƙe duƙon minti uku, saboda saukar gasa kan kai haka.

Wata rana allon zai fara rawa hagu da dama a ƙarƙashinka. Jiki zai ce ka ja baya ka miƙe, kuma wannan ne ke ƙara rawar, don nauyi ya koma tirak na baya. Mayar da nauyi gaba, ƙara yin ƙasa, saki idon sawu.

Kwana kuma ana shigarta daga waje, a matso ciki a tsakiyarta, a fita ta waje. Birki kafin kwana ake yin sa, ba a cikinta ba. Wanda ya shiga a hankali ya fita da gudu yakan wuce wanda ya afka da ƙarfi ya ɓata saurinsa yana gyara. A hanyar da motoci ke bi kuwa, wajenka da cikinka duk a ɓangarenka na hanya suke. Ba a tsallaka layin tsakiya ko da ido na ganin babu kowa.

Nemi mutanen wasan

Ba a koyon wannan wasa a kaɗaice, ko don a samu mai kiran agaji in an faɗi. Ana samun ƙungiyoyinsu a Facebook da Instagram, kuma da yawa suna ware ranar koyar da sababbi. Wasa ne na mutane ƙalilan, kusan kowa ya san kowa, kuma sun saba ba da aron safar hannu ko tsofaffin tayoyi ga wanda suka ga da gaske yake.

Suna da ladubbansu. Faɗi gaskiyar matakinka tun kafin a hau tudu. Sauka a ƙarshen layi har sai an ce ka matso. Koyi alamun hannu na rage gudu, tsayawa da zuwan mota. In an sa ka tsaron kwana da oba-oba, ka tsaya da zuciya ɗaya, ran wani ne a bakinka. In an kai ka wata hanya da suke ɓoyewa, kada ka saka sunanta a intanet, domin cunkoso da hayaniya ne ke sa mazauna wuri su kai ƙara a hana kowa. Ka gaida mazauna, ka kwashe shararka, ranar da ake bi da bi wajen tuƙa motar da ke mayar da mutane sama kai ma ka karɓi naka.

Wannan zama da su yana da wani amfani da ba a samu a bidiyo: sauka kusa da mutum. Fara da aboki ɗaya da ka yarda da shi, da rata mai yawa, kuna rage ta a hankali. A nan za ka ji yadda iska ke sakinka in ka fake a bayan wani, har ka ga kana cim masa ba tare da ka yi komai ba.

Taron sauka kafin gasa

Kafin ka biya kuɗin gasa, halarci taron da ake rufe hanya a yi ta sauka ba tare da tsere ba. Ana jera dammunan busasshiyar ciyawa a kwanoni, akwai motar asibiti, babbar mota na kwasar mutane zuwa sama. Saukar da za ka yi a kwana biyu ta fi ta wata guda a hanyar motoci.

Hanyoyin ba ɗaya ba ne. Maryhill Loops da ke jihar Washintan ta Amurka, wadda Sam Hill ya gina a 1911 kuma take hannun gidan kayan tarihi na Maryhill, kwanoni ne birjik amma ba ta cika tsananin gudu ba, shi ya sa ta yi suna wajen koyon sauka cikin ayari. Kozakov ta Jamhuriyar Cek kuwa ana haura kilomita 100, da kwanoni masu neman birki mai ƙarfi, ba wurin fara gasa ba ne. Akwai gasar Danger Bay a yammacin Kanada da aka fara a 2002, an kuma sha yin gasar Hot Heels a Afirka ta Kudu da tseren dutsen Panorama a Bathurst ta Ostareliya. A matakin duniya, ƙungiyar International Downhill Federation ta gudanar da jerin gasannin kofin duniya daga 2013, World Skate, hukumar wasannin sulu ta duniya, kuma ta sa wasan a gasarta ta Barsalona a 2019. Kai dai fara da ƙaramar gasa ta yanki, a hanyar da ka ga bidiyonta ka tabbatar kowace kwana a cikinta ka taɓa shan irinta.

Rajista da kwanakin gasa

Yi rajista da wuri, don gurabe ƙidayayyu ne. Karanta dokokin gasar gaba ɗaya, har da iyakar girma da nauyin allo. Zaɓi rukuninka: akwai na kowa da kowa, na mata, na matasa, na manya. Wanda bai kai 18 ba sai da sa hannun iyaye. Tambayi kamfanin inshorarka a rubuce ko sun yarda da tseren allon sulu, domin da yawa suna cire irin wannan wasa. A jaka ka sa sababbin tayoyi, boris da bushin da noti na ko-ta-kwana, sifana, ƙarin faifan safar hannu, da ruwa mai yawa, saboda rigar fata tana dafa mutum a rana.

Da safe za a duba kayanka, sannan a tara 'yan tsere a yi bayani. Kada ka rasa wannan zama. A nan ake faɗin ma'anar tutoci, wanda galibi kore hanya a buɗe, rawaya a sassauta, ja a tsaya. In an samu dama, taka hanyar da ƙafa. Za ka ga faci, tsaga, yashi a bakin kwana, da inda inuwa ke riƙe danshi. Zaɓi alamar fara birki a kowace kwana, abin da ba ya motsi kamar turken fitila ko bishiya.

Saukar gwaji ta farko ka yi ta da rabin ƙarfinka. Sabuwar taya tana da wata fata mai sheƙi da ke kama ƙasa fiye da wadda ta goge, kuma tana turjewa in an so zamiya, don haka gwada sauka da sababbi ko sau ɗaya kafin tsere, kada ka fara sanin halinsu a kwanar farko. Daga nan sai tantancewa, ko dai kowa ya sauka shi kaɗai a ɗauki lokacinsa, ko a yi ta gajerun tsere ana tara maki. Da sakamakon ake jera mutane huɗu-huɗu, biyun farko su wuce, har a kai wasan ƙarshe.

Cikin tseren

A layin tashi ƙafa ɗaya na kan allo, ɗaya a ƙasa, gilashin hula a rufe, numfashinka kawai kake ji a cikinta. Da an ba da alama, tura da ƙarfi a cikin layinka, ka shiga duƙo da wuri. Wanda ya riga motsawa kafin alama ana hukunta shi.

Dokar da ta fi kowacce ita ce na gaba shi ke da hanya, mai son wucewa shi ke da alhakin wucewa lafiya. Ba a turi, ba a riƙo, ba a tare hanya da gangan. In ka fake a bayan wani ka tara gudu, fito ka wuce a miƙaƙƙiyar hanya tun kafin wurin birki. Cusa kai ta cikin kwana a makare shi ne ke zubar da mutum uku a lokaci ɗaya, kuma ba a mantawa da wanda ya yi. Kada ka raina matsayi na uku. A rukunin sababbi, sau da yawa biyun gaba ne ke kayar da juna, wanda ya sauka lafiya ya wuce.

In ka faɗi, bar jiki ya zame a kan rigar fata da faifan hannu, kada ka yi ƙoƙarin miƙewa kana cikin zamewa. Da ka tsaya, dubi saman hanya, ka fice daga hanya da allonka, domin akwai masu tahowa. In lafiyarka ƙalau, hau ka ƙarasa. In kanka ya bugu kuwa, gasarka ta ƙare a nan ko da kana jin garau. Jiri, ciwon kai, amai, ko mantuwar abin da ya faru, duk alamu ne na girgizar ƙwaƙwalwa, kuma bugu na biyu kafin na farko ya warke ya fi haɗari nesa ba kusa ba. Je wurin ma'aikatan lafiya su duba ka.

Bayan layin ƙarshe, rage gudu a miƙe, kada ka gitta allo a gaban na bayanka. In kana da ƙorafi, kai wa alƙalin da ke wurin nan take, don ba a karɓa in an bar wurin. Ka ba abokan saukarka hannu. In an fitar da kai, kada ka tattara ka tafi: je kwanar da ta fi ba ka wuya ka kalli inda gwanaye ke fara birki da inda suke sakin zamiya, ka kwatanta da alamarka. Da yamma za a nemi hannu wajen kwashe dammunan ciyawa da share hanya kafin a buɗe wa motoci, kuma masu wannan aiki yawanci 'yan sa-kai ne da suka wuni a rana da tuta a hannu. Shiga cikinsu. Kafin ka rufe jaka, duba noti da tirak ko wani ya lanƙwashe, shanya rigar fatar a inuwa, tayoyin da ka yi tsere da su kuma ka ware su na atisaye.